INJIN WANKI: YADDA A KE GANE CIWONSA

Yawancinmu ba mu da injin wanki a gida. Wankinmu a bakin rijiya mu ke yinsa, ko a rafi, da hannu da sabulu. To, me ya kawo maganar inji cikin littafin karatu? Dalili shi ne injin nan ya riga ya iso inda mu ke. Samarinmu masu tafiya cin rani birni, waɗansunsu sana'ar wanki da guga su ke kamawa, shagunan wanki da yawa kuwa yanzu da inji su ke aiki. Wata amarya a kan sa mata shi cikin kayan ɗaki. Wani kuma ya sayar da albasarsa, ya sayi na hannu, ya haɗa da janareta, ya buɗe shago a bakin kasuwa. Irin wannan mutum, ran da injinsa ya tsaya, cefanen gidansa ya tsaya.

Wanda bai san kan inji ba, in ya ƙi tashi, abu biyu ya kan yi. Ko ya yi ta dukansa da tafin hannu, ko ya ɗora shi a kura ya kai wa mai gyara, ya ce, "Malam, ga shi nan, ya mutu." In mai gyaran mai tsoron Allah ne, ya duba ya faɗi gaskiya. In ba haka ba, sai ya ce moto ya ƙone, a kawo kuɗin sabo, alhali kuwa maɓallin riga ne ya maƙale. Ba mu ce wannan darasi zai mai da ku makanikai ba. Abin da mu ke so shi ne ku koyi sauraron inji, ku dube shi, ku sansana shi, sa'an nan ku fara neman ciwon daga wuri mai arha kafin ku kai ga wuri mai tsada.

Injin wanki mai aiki da lantarki ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka aka fara sayar da shi, wajen 1908. A 1937 aka fito da wanda ya ke yin wanki da ɗauraya da matsa shi kaɗai. Irin mai faifai cikin baho kuwa, wanda muka fi gani, ya bazu a ƙasar Japan tun daga 1953.

Mu leƙa cikinsa

Injin da mu ke magana a kansa shi ne mai murfi a bisa, wanda a ke zuba kaya ta sama. Iri biyu ne. Akwai mai baho biyu, ɗaya na wanki, ɗaya na matsa. Akwai mai baho ɗaya, wanda ya ke yin kome da kansa. Za mu fi daɗewa a kan mai baho biyu, gama shi ya fi arha, ba ya kuma bukatar famfo. Da bokiti ma a kan cika shi.

A gindin bahon wanki akwai faifai na roba mai tudu-tudu. Shi ke juya ruwa da kaya. Ƙarƙashin bahon akwai abin da masu gyara su ke kira moto. Ba motar hawa ba ce, dunƙulen ƙarfe ne da wayar tagulla a naɗe cikinsa. In wuta ta shiga sai ya juya. Tsakanin moto da faifai akwai bel, irin wanda mu ke gani a injin markaɗe. Moto ya juya ƙaramin wili, bel ya ɗauki juyin ya kai wa babban wili, shi kuma ya juya sandar da faifai ya ke zaune a kai. Kusa da moto akwai wata 'yar gwangwani da wayoyi a jikinta, sunanta kafasita. A bisa kuma akwai agogo, watau abin da a ke murɗawa a sa mintocin wanki. Na wanki ya kan kai minti 15, na matsa minti 5.

Ku riƙe wannan jeri a ka: wuta, agogo, kafasita, moto, bel, sanda, faifai. Kamar leburori ne wajen gini suna miƙa wa juna tubali. In tubali bai isa saman katanga ba, ai ba a rushe ginin. Bin layin a ke yi, a ga a hannun wa ya tsaya.

Kafin hannu ya taɓa

Ruwa da wutar lantarki ba su haɗuwa sai da hasara. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a zare fulogi daga bango. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. A zubar da ruwan baho. A tsaya a busasshen wuri, da takalmin roba a ƙafa. Kafasita kuma tana iya riƙe wuta a cikinta bayan an zare fulogi, sabo da haka kada a taɓa bakin wayoyinta da yatsa ko da ƙarfe.

In injin da kansa yana jan mutum, ko an sa hannu a ruwa an ji tsir, wannan ba abin dariya ba ne, ba kuwa abin da a ke sabawa da shi ba ne. Wuta ce ta ɓalle tana bin jikin inji. A zare fulogi nan da nan, a kira mai gyaran wuta. A ce ya duba wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, gama waɗansu su kan sa fulogi mai ƙafa biyu su bar ta ba a haɗa ba, ita ce kuwa ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ƙasa, ba ta bi ta jikin mutum ba.

An murɗa, shiru

A ce an murɗa agogo, inji bai ce uffan ba. Ba ƙugi, ba motsi. A nan kada ku fara zargin moto. Ku fara da bango. Ku sa fanka ko cajar waya a wannan ramin fulogi, ku ga ko akwai wuta. Ku duba fis na cikin fulogi. Ku bi igiyar wutar da ido tun daga bango har jikin inji. Sa'an nan a zare fulogi, a buɗe murfin baya, a haska da tocila. Ɓera yana son ƙarƙashin injin wanki, ga ɗumi ga duhu, kuma ya kan gaigaye wayoyi. Wayar da ta tsinke gyaranta ba ya cin kuɗin kirki.

Akwai kuma wani abu. In inji ya daɗe yana aiki, ya tsaya haka kawai, moton kuwa da zafi ƙwarai, ku dakata masa kamar rabin awa. Motoci da yawa suna da wani ɗan abu a ciki wanda ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. In ya huce ya tashi, to, gajiya ce, ba mutuwa ba. Amma ku tambayi kanku me ya gajiyar da shi. Galibi kaya ne suka yi yawa.

Yana ƙugi, ba ya juyawa

Wannan ita ce cutar da ta fi cinye kuɗin mutane a banza, don haka za mu bi ta a hankali. An murɗa agogo, inji ya ce "mmm", faifai bai motsa ba. Abu na fari, ku kashe shi maza. Moton da ke ƙugi ba ya juyawa yana shan wuta ne yana yin zafi. In aka bar shi haka, ciwon da bai kai kome ba sai ya zama ƙonewa ta gaske.

Ƙugin nan labari ne mai daɗi ta wani gefe. Ya nuna wuta ta iso moto. Saura a san abin da ya hana shi tafiya.

Ku fara duban ƙarfin wutar. Wutar gida a Najeriya 230 ya kamata ta zama. In ƙwan fitila ya yi ja-ja, fanka tana tafiya kamar mai jin barci, to wutar ba ta cika ba. Moto yana bukatar wuta wajen tashi fiye da wadda ya ke sha in ya riga ya kama gudu, kamar yadda tura kura daga tsaye ya fi tura ta tana tafiya wuya. Ƙaramin janareta da aka ɗora wa dutsen guga da firji ba zai ta da shi ba. Haka kuma siririyar waya mai tsawo da aka jawo daga gidan maƙwabci.

In wuta lafiya ta ke, a zare fulogi, a kwashe kaya, a juya faifai da hannu. Ya kamata ya juya ba gardama. In ya cije, akwai abin da ya shiga ƙarƙashinsa. A tsakiyar faifan akwai noti guda, wani lokaci da ɗan murfi a kansa. A kwance shi, a ɗaga faifan. Abin da a kan tarar a wurin sai wanda ya gani: maɓalli, tsinken ashana, ƙusa, ɗan makulli, fil, tsakuwa, da zare wanda ya naɗe sanda tam. Duk daga aljihu suka fito. Mai wankin da ba ya lalube aljihu kafin ya zuba kaya, shi da mai gyara ba su rabuwa.

In kuwa faifai yana juyawa sumul da hannu, wuta da ƙarfinta, amma har yanzu ƙugi kawai, to zargi ya koma kan kafasita. Wanda ya taɓa ganin fankar sama wadda ba ta tashi sai an tura ta da sanda, ya riga ya san wannan ciwo. Kafasita ita ke ba moto turin nan. In ta mutu, moto lafiyarsa lau, ba mai tura shi ne kawai. Ku dube ta da ido. In ta kumbura, ko ta tsage, ko wani abu yana tsiyaya daga jikinta, ta tafi. Amma tana iya mutuwa jikinta bai nuna ba, sai mai gyara ya gwada da ma'auninsa. Kuɗinta kaɗan ne in an gwada da kuɗin moto. A jikinta akwai lamba da haruffa uF a rubuce. Ku kwafe wannan lamba a takarda daidai, a sayo mai irinta.

Sai bayan duk waɗannan mu ke isa ga moto. Shi kuwa hanci ne ke ba da shaidarsa. Moton da ya ƙone yana da ƙauri mai kaifi irin na ƙonanniyar waya, in an leƙa kuma a ga naɗin tagullar ya yi baƙi. In mai gyara ya ce muku moto ya ƙone, ba laifi ku ce, "Malam, don Allah nuna mini in gani." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Moto yana gudu, faifai yana zaune

Wannan daban ne da ƙugi, ku koyi rarrabe su da kunne. A nan a kan ji moto yana gudu sakayau, amma ruwa kwance. To, tubali ya wuce hannun moto, ya tsaya gaba. A buɗe baya a duba bel. Ko ya tsinke, ko ya zame daga wili, ko ya saki. Bel da ya saki ya kan juya ruwa in babu kaya, da an zuba kaya sai ya yi ta santsi, a ji kuka "ƙii", a kuma ji warin ƙonanniyar roba. Wannan wari ba ɗaya ya ke da ƙaurin waya ba.

A danna tsakiyar bel da yatsa. Ya kamata ya lotsa kaɗan, kada ya kai faɗin yatsa. A injuna da yawa a kan sassauta notocin gindin moto, a ja shi baya kaɗan, a ɗaure. Kada a ja shi ƙam kamar tsirkiya, gama wannan ya kan cinye boris. In bel ya tsattsage, sai sabo. Lambarsa tana rubuce a bayansa.

In bel lafiya ya ke, babban wili kuma yana juyawa, to a ɗaga faifai a dubi ramin tsakiyarsa. A ciki akwai 'yan haƙora da ke kama sanda. Yawan lodi ya kan cinye su, sai sanda ta yi ta juyawa ita kaɗai, ana jin "ƙar-ƙar". Faifai kaɗai za a sake.

Ku lura kuma, faifai ya kan juya dama, ya ɗan tsaya, ya juya hagun. Tsayawar nan ba ciwo ba ce, haka aka yi shi. Amma in gefe ɗaya kaɗai ya ke juyawa, agogo a ke fara tuhuma, gama shi ke sauya hannun.

Ɓangaren matsa

A baho na biyu akwai kwando mai huji-huji. Shi ba shi da bel. Motonsa yana ƙarƙashinsa kai tsaye, a tsaye bisa ƙafafu uku masu sifirin. Kwandon nan ya kan juya fiye da sau 1,000 cikin minti ɗaya. Sabo da haka aka yi masa birki: in an ɗaga murfi wuta ta yanke, birki ya kama, in an rufe, wata 'yar waya irin ta birkin keke ta ja birkin ya saki.

In kwando ya ƙi tashi yana ƙugi, a zare fulogi, mutum ɗaya ya leƙa ta baya, ɗaya ya riƙa buɗe murfi yana rufewa. In birki bai motsa ba, wayarsa ta tsinke ko ta kwance. A duba kuma ko safa ko hular yaro ta faɗa tsakanin kwando da baho. Don hana wannan a ke danne kaya da faifan robar nan da ke zuwa tare da inji, wanda mutane su kan yar tun ran farko. Kumfa mai yawa ma ya kan riƙe kwando ya hana shi gudu.

In kwando yana dukan bango, inji yana rawa har yana tafiya, sau da yawa ba abin da ya lalace. Kaya ne suka taru gefe guda, kamar jakin da aka yi wa mangala ɗaya da nauyi ɗaya ba kome. A tsai da shi, a shirya kayan, masu nauyi a ƙasa, a danne. A duba ko daɓen ya karkata. In kwando ba kaya ma yana karkace, to sifirin ɗaya ya karye.

Abu ɗaya a nan ba ya son jinkiri. Inda sandar kwando ta huda baho akwai zoben roba mai hana ruwa wucewa. In ya yage, ruwa ya kan ɗiga daidai kan moto. Duk wanda ya ga tsatsa ko jiƙa a kan moton matsa, ya sake zoben nan tun moto bai tafi ba.

Birkin nan kuwa, in ya daina kamawa, kada a ce sai an sami sarari. Kwando mai gudu yana iya karya hannu. Kada a sa hannu sai ya tsaya cik. Kada kuma a bar baho da ruwa a tafi, in da ƙananan yara a gidan, gama yaro ya kan taka kujera ya leƙa.

Ruwa ya ƙi fita, ko ya ƙi zama

Yawancin injuna masu baho biyu ba su da abin tura ruwa. Ruwan gangarowa ya ke yi da kansa. In an rataye tiyo sama, ko ya lanƙwashe, ko bakinsa ya fi gindin inji tudu, ba zai fita ba. A kwantar da shi ƙasa. In har yanzu bai fita ba, ko datti ya toshe, ko igiyar da ke ɗaga matoshi ta tsinke. In kuwa ana zuba ruwa yana zurarewa ta tiyo, to tsinke ko maɓalli ya tokare matoshin robar, ya hana shi rufuwa. A buɗe, a cire, a wanke.

Mai baho ɗaya

Shi wannan ya fi wuyar sha'ani, yawancin gyaransa na gwani ne. Amma akwai abin da za ku iya dubawa. Yana bukatar ruwan famfo mai ƙarfi. Inda tiyon ruwa ya shiga jikinsa akwai 'yar rariya, wadda yashin ruwan burtsatse ya kan toshe; a cire ta a wanke. Ba ya matsa in murfi bai rufu sosai ba. Bahonsa a rataye ya ke da sanduna huɗu, in ɗaya ta ɓalle sai ya yi ta dukan bango. In kun girgiza shi kun ji ƙarar ruwa a bakin baho alhali ba ruwa ciki, kada ku huda. Ruwa ne aka rufe da gangan cikin zoben bakin, don ya daidaita juyi. In ya nuna harafi da lamba a fuskarsa ya tsaya, ku rubuta su, ku nemi ma'anarsu a littafin da ya zo da shi, gama ko wane kamfani da nasa.

Takardar bayan inji

A bayan ko wane inji akwai 'yar takarda a manne. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta ta tun kafin ku biya kuɗi. In kun ga lamba da kg, misali 7 kg, nauyin busassun kaya ke nan da zai iya ɗauka, kada a wuce. In kun ga lamba da V, ƙarfin wutar da aka yi shi dominta ke nan. Namu 220 zuwa 240 a kan rubuta. Injin gwanjo da aka yi don Amurka 120 ne, na Japan 100. In aka sa irin wannan a bangonmu kai tsaye, ƙonewa zai yi.

In gyara ya fi ƙarfinku, kada ku tafi wurin mai gyara da "ya mutu" kaɗai. Ku rubuta abin da kuka ji da abin da kuka gani, kamar haka: "Bahon wanki yana ƙugi. Faifai yana juyawa da hannu. Bel bai tsinke ba. Babu ƙauri." Ku ce kuma a ba ku tsohon abin da aka cire.

Aikin aji

1. Ku rubuta waɗannan kalmomi a allo: faifai, bel, moto, birki, tiyo, kwando.
2. Me a ke fara yi kafin a buɗe bayan inji?
3. Inji yana ƙugi, faifai ya cije ko da hannu. Ina za a duba?
4. An rubuta 7 kg a bayan inji. Mai wanki yana da kaya kilo 21. Sau nawa zai zuba?
5. Ku rubuta wa mai gyara takarda ta layi uku a kan injin da ruwansa ke zurarewa ta tiyo.